Wane Edita Ya Dace da Kai Wajen Rubuta Kod? VS Code, Sublime, Vim da Sauransu

A bidiyon da muka saka kan editocin rubuta kod, da yawanku sun yi ƙorafin cewa na yi sauri, musamman wajen saiti. Kun yi gaskiya. To ga bayanin a rubuce, yadda mutum zai bi shi a tsanake, kwamfutarsa na buɗe a gabansa.

Abin da ya ja ni ga wannan magana shi ne saƙon murya da wani ƙanena ya turo mini daga Kano. Ya ce, "Yaya, don Allah ka duba mini farashin laftof a nan Dubai, tawa ba ta ɗaukar furogiramin." Har ya fara zancen sayar da wayarsa ya cika kuɗin. Na tambaye shi me yake koyo, ya ce HTML da CSS, sati uku ke nan da farawa. Na ce da me kake rubutawa? Ya ce Android Studio, wai shi ya ga wani yana amfani da shi a YouTube. Laftof ɗinsa RAM ɗinta giga 4 ne, alhali Google da kansu sun ce Android Studio na buƙatar aƙalla giga 8. Kuma ma aikinsa haɗa manhajojin waya ne, ba ruwansa da koyon HTML. Lafiyar laftof ɗin ƙalau, kayan raƙumi aka ɗora wa jaki.

Ni a Hor Al Anz nake zaune, ɓangaren Deira, ba nisa da tashar metro ta Abu Baker Al Siddique. Daga nan ba wuya mutum ya leƙa Naif inda 'yan kasuwarmu ke sauka, ko ya tsallaka Bur Dubai wajen masu sayar da kwamfuta a Al Ain Centre. Saboda haka irin wannan aike ba ya yanke mini. Amma in ka juya dirhami zuwa naira, ka haɗa da kuɗin kago, za ka ga ko ta hannu ba ƙaramin kuɗi ba ce. Kafin ka kai ga haka, fara duba ko editan da kake amfani da shi ya dace da na'urarka, da datarka, da kuma aikin da kake yi.

Edita ɗin ma mene ne?

Kod rubutu ne zalla. Fayil ɗin Python ko na HTML ba komai a cikinsa sai haruffa da alamomi, shi ya sa ko Notepad na Windows zai iya buɗe shi. Amma kada ka yi gigin rubuta kod a Microsoft Word, don yana cusa bayanan ado a cikin fayil, yana kuma lanƙwasa alamomin zance, kwamfuta ta kasa gane su.

Editan kod yana ƙara maka abubuwa huɗu a kan Notepad: yana ba kalmomi launi daban-daban don idonka ya gane tsarin, yana jera lambar layi, yana ƙarasa maka sunan da ka fara rubutawa, yana kuma ja jan layi ƙarƙashin kuskure tun kafin ka gwada.

Akwai kuma abin da ake kira IDE. In edita keken ɗinki ne, IDE shagon tela ne gabaɗaya, da tebur da dutsen guga da injin sufila. Yana zuwa da edita, da abin juya kod ya zama manhaja, da abin bin diddigin kuskure, duk a haɗe. Shi ya sa yake da nauyi.

Wani abu da ke rikita sababbin shiga: edita ba shi ke gudanar da kod ba. In ka saka VS Code kaɗai, ka rubuta Python, ba zai yi aiki ba sai ka saka Python ɗin kansa daban a kwamfutarka.

Sannan ka sani, bambancin da ke tsakanin editoci ya ragu sosai. A 2016 Microsoft suka fito da wata ƙa'ida mai suna LSP. Kafin ita, kowane edita sai an koya masa kowane yare daban. Yanzu ana rubuta wa yare ƙaramar manhaja guda da ta san shi ciki da waje, kowane edita ya riƙa tambayarta. Ke nan mai VS Code da mai Neovim da mai Sublime suna iya samun taimako kusan iri ɗaya. Gardamar wane ya fi wane da ake yi a guruf-guruf, yawancinta ta ra'ayi ce kawai.

VS Code: inda yawancin mutane suke

Microsoft suka fitar da shi a 2015, kyauta ne, yana aiki a Windows da Linux da Mac. A binciken da Stack Overflow suka yi a 2023 da 2024, fiye da kashi 70 cikin 100 na masu amsawa sun ce suna amfani da shi. Amfanin wannan gare ka shi ne, kusan duk darasin da za ka kalla da shi ake yi, kuma duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka ya tambaya.

Kada ka rikita shi da Visual Studio. Sunan ne ya yi kama, amma wancan babban IDE ne da ke cinye gigabait da yawa wajen saukewa. Na san waɗanda suka ƙarar da datar wata guda saboda wannan kuskuren.

Rauninsa shi ne an gina shi a kan Electron, wato a cikinsa akwai injin burauzar Chromium. Buɗe shi kamar buɗe wata burauza ce. A laftof mai giga 4 zai yi aiki, amma in ka haɗa shi da Chrome mai shafi goma sha biyar a buɗe, za ka ji a jikinka. Haka kuma sababbin fitowarsa sun daina aiki a Windows 7 da 8, da kuma Windows mai bit 32. In tsohuwar laftof ka sayo a Beirut Road, duba wannan tukuna kafin ka ƙona data.

Marasa nauyi: Notepad++ da Sublime Text

Notepad++ wani mai suna Don Ho ya fara shi a 2003. Na Windows ne kaɗai, kyauta, kuma abin saukewarsa bai kai megabait 10 ba. Ba shi da ƙyale-ƙyale, amma yana buɗewa nan take ko a na'urar da ta gaji. Ga mai koyon HTML da CSS da JavaScript, ya isa ya kai shi wata shida ba tare da ya rasa komai ba.

Sublime Text, na Jon Skinner daga Ostireliya, ya fito a 2008. Ya fi kyan gani, yana da sauri, yana buɗe manyan fayiloli ba gardama. Na kuɗi ne, lasisinsa dala 99, amma suna barin ka gwada ba tare da wa'adi ba, sai dai lokaci-lokaci ya tuna maka ka saya. Shi na sa ƙanena ya saka. Laftof ɗin da ya ce ta mutu, ita yake aiki da ita har yau, kuma wayarsa na hannunsa.

In ka ga tsohon bidiyo yana tallata Atom, wuce kawai. GitHub sun rufe shi a Disamba 2022. Wasu daga cikin waɗanda suka gina shi su ne suka fito da Zed, sabon edita mai sauri da aka rubuta da yaren Rust. Yana da kyau, amma darussan da aka yi da shi ba su kai na VS Code yawa ba.

Vim: ko ba ka so, wata rana za ku haɗu

Asalinsa vi ne, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976. Bram Moolenaar, ɗan Holan, ya fitar da Vim a 1991, ya ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a 2023. Bai taɓa sayar da shi ba, abin da yake roƙo kawai shi ne wanda ya ji daɗinsa ya taimaka wa yara mabuƙata a Uganda. Neovim reshensa ne da aka fara a 2014.

Vim a cikin baƙin allon taminal yake aiki, ba ya buƙatar maus, kuma kusan ba ya cin RAM. Dalilin da ya sa na ce za ku haɗu: ranar da ka shiga wata kwamfuta daga nesa ta SSH, kamar saba mai ɗauke da shafin intanet ko na'urar ɗakin gwaji, ba za ka tarar da taga mai launi ba, sai vi ko nano. Git ma yakan jefa ka cikin Vim ba shiri in yana son ka rubuta bayani.

Ga abin da zai cece ka. Danna i ka fara rubutu. Danna Esc ka daina. Rubuta :wq ka danna Enter, ya adana ya fita. Rubuta :q! ka fita ba tare da adanawa ba. In kana son ƙari, umarnin vimtutor darasi ne na kusan rabin awa, ba ya buƙatar intanet. Amma ban ba sabon shiga shawarar ya mai da shi babban editansa ba. Koyon furogiramin kaɗai ya isa ciwon kai, kada ka haɗa biyu a lokaci guda.

Yaushe IDE ke zama dole?

In aikin ya nema. Manhajar Android, Android Studio. Babban aikin Java, IntelliJ IDEA. Python mai fayiloli da yawa, PyCharm na taimakawa ƙwarai. Waɗannan biyun na ƙarshe na kamfanin JetBrains ne, kuma Android Studio ma a kan IntelliJ aka gina shi. Suna ba ɗalibai lasisi kyauta, don haka in kana da imel na makaranta ko katin shaidar ɗalibi, nemi naka kafin ka gama.

Mu 'yan injiniya namu ya ɗan bambanta. Ƙananan allunan Arduino da ESP32, Arduino IDE ya ishi mai farawa. In aikin ya girma, PlatformIO a cikin VS Code ya fi tsari. Lissafi da zana jadawali kuwa, Jupyter ko MATLAB. Ni a aikin bincikena VS Code nake amfani da shi kullum, sai Vim in na shiga kwamfutar ɗakin gwaji daga ɗakina da dare.

Wanda ba shi da laftof fa?

Kada ka zauna jira. A wayar Android, Acode na rubuta HTML da CSS da JavaScript ya nuna maka sakamako nan take. Pydroid 3 na gudanar da Python. Termux kuma yana ba ka taminal na Linux, ka saka Python da Git da Vim a ciki, kuma an fi samun ingantaccensa a F-Droid. Ka nemi ƙaramin kibod na Bluetooth, ko na waya da mahaɗin OTG, a Farm Centre za ka samu. Rubuta alamomin kod da babban yatsa azaba ce.

In kuma kafe kake zuwa ko aron kwamfuta kake yi, buɗe vscode.dev a burauza. VS Code ne ba tare da ka saka komai ba, sai dai ba shi da taminal. Ka tabbata ka fita daga asusunka kafin ka tashi.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ba za ka ji shi a darasin Turawa ba, don bai dame su ba. Wani Alhaji mai harkar kago a nan Deira ya roƙe ni in rubuta masa ɗan shiri da zai fitar da jerin kayan da yake turawa Kano, da sunayen masu su. Na rubuta, na gwada da kalmomin Turanci, komai daidai. Da aka buga takardar farko, inda ya kamata a ga "baƙi" sai ga "baÆ™i", sunayen da aka rubuta da Larabci kuwa duk sun watse. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, wannan wane yare ne?" Laifina ne, ban kula da tsarin haruffa ba.

Kwamfuta lambobi take adanawa, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na cewa wace lamba ce wane harafi. A tsarin UTF-8, harafin ƙ bait biyu yake ci. In aka karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252, sai ya ɗauki kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa, shi ne ake samun Æ da ™. Haka ɗ da ɓ da ƴ suke lalacewa.

Maganin: a VS Code duba ƙasan taga ta hannun dama, ya kamata ka ga UTF-8. In rubutun ya watse, danna wurin ka zaɓi Reopen with Encoding, ka gwada har ya dawo daidai, sannan ka adana da UTF-8. Kada ka adana yana a watse. In haruffan suka koma alamar tambaya aka adana a haka, sun tafi ke nan. A Python kuma, duk lokacin da za ka buɗe fayil ka saka encoding="utf-8", a HTML ka saka charset na UTF-8 a saman shafi. In fayil ɗin CSV ne da za a buɗe a Excel, adana shi da UTF-8 with BOM.

Saiti don wuta da data

A nan Dubai ba a ɗauke wuta, amma ban manta gida ba, kuma batirin laftof ta hannu ba abin dogaro ba ne. Abu na farko, shiga File ka kunna Auto Save. Na biyu, ka san cewa VS Code na ajiye tsofaffin kwafin fayil ɗinka a sashen Timeline, can ƙasan jerin fayiloli, in ka goge abu bisa kuskure. Na uku, koyi Git tun satin farko ka riƙa tura aikinka GitHub. Auto Save ba zai cece ka ba in aka sace laftof ko hadis ya ƙone.

Ta ɓangaren data, VS Code na sabunta kansa da ekistenshan ɗinsa a ɓoye. In da hotsfot ɗin waya kake aiki, shiga saiti ka mai da update.mode ya koma manual, ka kashe extensions.autoUpdate, sai ranar da ka samu Wi-Fi ka sabunta da kanka.

Ekistenshan: kaɗan ya fi

Ekistenshan ƙananan manhajoji ne da ake maƙala wa edita don ƙara masa iyawa. Nan ne mutane ke kashe laftof ɗinsu da hannunsu: a kalli bidiyo ɗaya a saka guda talatin. Kowanne na cin RAM. Fara da na yaren da kake koyo kawai, sai Prettier mai daidaita tsarin rubutu, da Live Server in shafin intanet kake ginawa. In editan ya yi nauyi, danna Ctrl+Shift+P ka nemi Start Extension Bisect, zai riƙa kashe rabi-rabi har ya gano mai laifin.

Akwai kuma batun tsaro. Ekistenshan na iya karanta fayilolinka kamar kowace manhaja, kuma masu bincike sun sha gano na bogi da ke kwaikwayon sunan sanannu suna satar bayanai. Duba sunan wanda ya wallafa da yawan waɗanda suka sauke kafin ka saka. Haka in VS Code ya tambaye ka ko ka yarda da masu wannan folda, kada ka danna yarda ido rufe. Akwai 'yan damfara da ke turo wa masu neman aiki kod da sunan gwajin ɗaukar ma'aikata, kana gudanar da shi su kwashe kalmomin sirrinka.

Editoci masu AI

GitHub Copilot da Cursor su ake yayi yanzu. Cursor daga kod ɗin VS Code aka gina shi, don haka wanda ya iya wannan ya iya wancan. Tsarinsa na biya kusan dala 20 ne a wata, Copilot kuma tun Disamba 2024 yana da tsarin kyauta mai iyaka. Dukansu sai da intanet, kuma suna tura sashen kod ɗinka zuwa sabar kamfani. Saboda haka kada ka bar makullin sirri a cikin fayil, kuma in aikin wani ne, tambaye shi tukuna.

Ina amfani da su, ba zan ɓoye ba. Amma na taɓa tsayawa gaban malamina ya nuna layi uku a kod ɗina ya ce in bayyana, na kasa, don ba ni na rubuta su ba. Kunyar ranar ta ishe ni darasi. In kana watanninka na farko, kashe mai ƙarasa maka rubutu, ka rubuta da hannunka. Ka tambaye shi ma'anar kuskure in ka maƙale, amma kada ka karɓi layin da ba za ka iya bayyanawa ba.

Gajerun hanyoyi a VS Code

- Ctrl+P: buɗe fayil da sunansa
- Ctrl+Shift+P: nemo kowane umarni
- Ctrl+Shift+F: bincike a duk folda
- Ctrl+D: zaɓi kalma iri ɗaya ta gaba, ka gyara su tare
- Alt da kibiyar sama ko ƙasa: matsar da layi
- F2: sauya suna a duk inda aka yi amfani da shi
- F12: je inda aka ƙirƙiri abu
- F9 da F5: saka wurin tsayawa, sannan ka fara bin diddigin kuskure a kod ɗin

Ɗauki biyu a sati, ka tilasta wa hannunka har ya saba.

To, wanne za ka ɗauka?

Waya kaɗai gare ka: Acode ko Termux, da kibod. Laftof mai giga 2 zuwa 4, ko tsohon Windows: Notepad++ ko Sublime Text. Giga 4 da SSD: VS Code da ekistenshan uku, ka rage shafukan burauza. Giga 8 zuwa sama: VS Code, sai IDE in aikin ya buƙata. In kuma akwai ɗan kuɗi a hannu, sauya tsohon hadis da SSD da ƙara RAM ya fi sayen sabuwar laftof sauƙi, kuma bambancin a fili yake.

Duk wanda ka zaɓa, zauna a kansa aƙalla wata uku. Na ɓata kusan zangon karatu guda ina tsalle daga wannan zuwa wancan, ina sauya launi da salon haruffa, aikin kuma na nan inda yake. Wanda zai ba ka aiki abin da ka gina zai duba.

Ku rubuto mana irin laftof ɗinku, da RAM ɗinta, da abin da kuke koyo, zan duba in faɗa muku wanda ya dace. A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, za mu saka Git daga farko har mu tura aikin farko GitHub. Sai mun haɗu.